Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministocin Sufuri Da Bankunan Da Ke Ba Da Rancen Gina Layin Dogo

Masu girma ministocin sufuri, shugabannin kwamitocin majalisa masu amincewa da kasafin manyan ayyuka, da shugabannin bankunan da ke ba gwamnatoci rance,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mai wannan wasiƙa mutum ne da ke ƙaunar jirgin ƙasa tun yana ƙarami, kuma har gobe bai daina ba. Na fara da faɗin haka ne don kada ku sa ni a sahun masu cewa a watsar da dogo a koma kan kwalta. A duk abubuwan hawa na tudu babu mai jan nauyi mai yawa da ɗan ƙaramin makamashi irin ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe. Jirgi guda yana kwashe kayan da sai tireloli masu yawa sun rarraba, kuma babban birni mai miliyoyin jama'a da wuya ya numfasa idan ba shi da jirgin da ke ɗebe ma'aikata safe da yamma. Wannan ƙaunar ce ke sa raina ya ɓaci duk lokacin da na ga an zuba dukiyar al'umma an shimfiɗa layi, an yi gagarumin bikin buɗewa, sannan bayan 'yan shekaru a tarar da kujeru babu kowa, tirelolin da aka ce za su bar hanya suna nan daram, bashi kuma ya hau wuyan yaran da ba a ma haifa ba ranar da aka sa hannu.

Duk mun san abin da ake faɗa ranar aza harsashi. Za a ce aikin zai ci kaza, zai ƙare shekara kaza, zai ɗauki fasinja miliyan kaza, masana'antu za su tsiro a gefen layi, kuɗin tikiti da na dakon kaya kuma za su biya bashin da kansu. Abin da ba a cika yi ba shi ne komawa bayan an buɗe layin a ɗauko waccan takarda a gwada ta da abin da ya faru a ƙasa. Akwai waɗanda suka yi wannan aikin, kuma abin da suka gano ya cancanci zama a kan teburin kowannenku.

A 2002 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Bent Flyvbjerg, da abokan aikinsa biyu suka bi diddigin ayyukan sufuri 258 a ƙasashe 20. Sun tarar cewa cikin kowane ayyuka goma, tara sun zarce kuɗin da aka ƙiyasta musu. Tituna sun zarce da kashi 20 cikin 100 a matsakaici, gadoji da ramuka da kashi 34, layin dogo kuwa da kusan kashi 45. A 2005 suka juya kan ɗaya ɓangaren, wato yawan masu hawa, nan ma tara cikin goma na ayyukan dogo an yi musu hasashen fasinja fiye da waɗanda suka zo, kuma a matsakaici waɗanda suka hau jirgin ba su kai rabin waɗanda aka yi alkawari ba. Tun kafin su, a 1990, Don Pickrell ya yi wa Ma'aikatar Sufuri ta Amurka irin wannan binciken a kan jiragen cikin birane, sakamakon kuma bai sha bamban ba. Ku haɗa biyun ku gani. Kuɗi ya ƙaru da kusan rabi, fasinja sun ragu da rabi, ke nan aikin da takarda ta ce kowace dala ɗaya za ta dawo da biyu, a zahiri ko ɗayan ba za ta dawo cikakkiya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken 2002 ya duba ayyukan da suka ratsa shekara 70, kuma bai ga alamar cewa ƙiyasin yana gyaruwa ba. An samu kwamfuta, an samu sababbin dabarun lissafi, kuskuren na nan yadda yake, kuma kusan kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Da rashin sani ne kawai, da wani lokaci an ƙiyasta sama, wani lokaci ƙasa. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa ɗabi'ar ɗan Adam ce ya ɗauka aikinsa zai fi na wasu sauri da araha, kuma na yarda wannan na ciki. Sai dai akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi, wanda ku kun fi ni saninsa. Ayyuka da yawa ne ke gogayya a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya zo da lissafin gaskiya, kuɗi mai yawa da fasinja daidai gwargwado, shi ake ture wa gefe, a ɗauki wanda ya rage kuɗi ya kumbura fasinja. Kamfanin da ke rubuta rahoton nazari, masu son a yi aikin ne ke biyansa, kuma ya san irin amsar da za ta sa a sake kiransa. Ɗan kwangila yana shiga da farashi mai sauƙi, ya jira sai ƙarfe ya shiga ƙasa sannan ya fara kawo ƙarin buƙatu. Minista yana da wa'adin shekara huɗu ko biyar, layin kuwa yana cin goma ko sha biyar, don haka mai alkawari daban, mai amsa tambaya daban. Bankin da ya karɓi lamunin gwamnati za a biya shi ko jirgi ya cika ko bai cika ba. A duk wannan jerin gwano babu mutum ɗaya da aljihunsa ko sunansa ke taɓuwa idan hasashen ya zama ƙarya. Willie Brown, tsohon magajin garin San Faransisko, ya fito fili a 2013 yana magana kan wata babbar tasha da kuɗinta ya ƙaru, ya ce kasafin farko kafin alƙalami ne kawai, dabarar ita ce a fara haƙa rami, a faɗaɗa shi yadda dole a nemo kuɗin cike shi.

Na san wasunku za su kawo mini misalin Japan, kuma ya dace a kawo shi. Layin jirgi mai gudu na Shinkansen tsakanin Tokiyo da Osaka, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1964, an gabatar da shi a kan kimanin yen biliyan 200 ya ƙare a kusan 380, har shugaban hukumar jiragen ƙasar, Shinji Sogo, ya sauka daga muƙaminsa a 1963 saboda wannan. Duk da haka layin ya zama abin alfahari, ya biya kansa ya kuma tallafi wasu. To amma me ya cece shi? Fasinjan suna nan tun kafin a gina shi. Tsohon layin da ke haɗa biranen biyu ya riga ya cika maƙil, ba ya iya ɗaukar ƙari. Da 'yan siyasa suka ga wannan nasara, kowa ya so a kai layi mazaɓarsa ko da babu jama'ar da za ta cika shi, aka haɗa da wasu matsalolin, har zuwa 1987 da aka wargaza hukumar tana ɗauke da nauyin bashi na kimanin yen tiriliyan 37. Duk mai ambaton 1964 ya kamata ya riƙa ambaton 1987 tare da ita.

Hasashen fasinja yana da wata cuta ta musamman, wato ana lissafi kamar abokan hamayya za su naɗe hannu su zuba ido. Ramin da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, aikin injiniya ne da babu mai raina shi. An buɗe shi a 1994 bayan kuɗin gini ya zarce ƙiyasi da kashi 80 cikin 100. An yi hasashen jirgin Eurostar zai ɗauki fasinja miliyan 15.9 a shekarar farko, sai ya ɗauki kimanin miliyan 2.9 a 1995, kuma ko a 2019, bayan shekara 25, kimanin miliyan 11 ya kai. Jiragen ruwa masu fito sun karya farashi, jiragen sama masu araha suka ɓullo, jama'a suka bi inda ya fi musu sauƙi. Kamfanin ramin ya dakatar da biyan kuɗin ruwa tun 1995, aka sake fasalin bashinsa a 1998 da kuma 2007, ƙananan masu hannun jari da yawa suka tafka asara.

A ɓangaren dakon kaya abokin hamayyar shi ne tirela, kuma ana yawan raina ta. Tirela tana ɗauka a ƙofar mai kaya ta sauke a ƙofar mai karɓa, a lokacin da suka ga dama. Jirgi kuwa sai an kai masa kaya tasha, a loda, ya yi tafiya, a sauke, a sake nemo mota. Kowane lodi da sauka kuɗi ne da lokaci, shi ya sa jirgi ba ya cin riba sai kaya na da nauyi, suna da yawa, tafiyar kuma na da nisa. A 2013 wani nazari na Bankin Duniya ya nuna cewa kayan da ake da su a Gabashin Afirka ba su kai a gina sabon layi mai faɗi ba, gyaran tsohon zai fi dacewa. Kenya ta gina sabon, kimanin kilomita 480 daga Mombasa zuwa Nairobi, a kan kusan dala biliyan 3.6, kashi 90 cikin 100 rance daga bankin Exim na China, aka buɗe a 2017. Jirgin fasinja ya samu karɓuwa sosai, wannan gaskiya ce. Amma kaya ne aka dogara da su wajen biyan bashi, kuma da ba su zo yadda ake so ba sai gwamnati ta tilasta wa masu shigo da kaya bin jirgi, umarnin da ya jawo koke daga 'yan kasuwa da direbobin Mombasa har Shugaba William Ruto ya soke shi a Satumbar 2022. An ƙara layin zuwa yankin Naivasha a 2019, kuɗi suka tsaya, ya yi shekaru yana ƙarewa a fili, ɗaruruwan kilomita kafin iyakar Yuganda, alhali kayan Yuganda da maƙwabtanta na cikin abin da aka gina lissafin a kai.

A nan ne nake so ku tsaya da ni kaɗan, domin ina ganin nan gizo ke saƙa. Amfanin layin dogo yana tattare ne a ƙarshensa, a inda ya shiga tsakiyar birni, ya shiga cikin tashar jiragen ruwa, ya haɗu da wani layin. Kuɗin kuwa tun daga farko ake kashe su. Idan ƙiyasi ya zama ƙarya kuɗi suka ƙare, abin da ake yankewa shi ne wancan ƙarshen, wato daidai gaɓar da ke ɗauke da amfanin. Birtaniya ta amince da layin jirgi mai gudu na HS2 a 2012 a kan fam biliyan 32.7, zai tashi daga Landan ya bi ta Bamingham ya rabu biyu, reshe ɗaya Mancesta ɗaya Lids. Babbar hujjarsa ita ce haɗa arewacin Ingila da kudu da kuma rage cunkoso a tsofaffin layuka. Kuɗi suka yi ta hauhawa, aka yanke reshen Lids a 2021, Firaminista Rishi Sunak ya soke na Mancesta a Oktobar 2023. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da ya fi tsada, an kuma cire masa rassan da za su ciyar da shi. A Edinbara, babban birnin Sikotland, an amince da fam miliyan 545 don layin jirgin cikin gari, aka buɗe a 2014 a kan fam miliyan 776 da layi wanda bai kai inda aka tsara ba, kuma cikin abin da ya cinye lokaci da kuɗi har da kawar da bututan ruwa da wayoyin da ke binne a ƙarƙashin titi. A Kaliforniya masu zaɓe sun amince da rancen dala biliyan 9.95 a 2008, bisa alkawarin jirgi mai gudu daga San Faransisko zuwa Los Anjalas nan da 2020 a kan kimanin dala biliyan 33. Aka fara gini a 2015 kafin a gama mallakar filaye, don kada kuɗin tallafin gwamnatin tarayya su kuɓuce, abin da mai binciken kuɗi na jihar ya soka a 2018. Yau ƙiyasin ya haura dala biliyan 100, kuma abin da ake ƙoƙarin kammalawa shi ne kimanin kilomita 275 tsakanin Merced da Bakersfield, wanda bai taɓa ko ɗaya daga manyan biranen biyu ba.

Layin Adis Ababa zuwa Jibuti, mai kimanin kilomita 750 kuma mai amfani da lantarki, an ƙaddamar da shi a Oktobar 2016 amma bai fara aikin kasuwanci ba sai Janairun 2018. Ya fara ne ba tare da an kammala ƙananan rassan da za su kai shi wuraren lodin kaya da ma'ajiyar mai ba, ga kuma matsalar ɗaukewar wuta. Rassan nan 'yan kilomita ne kawai, babu mai zuwa bikin buɗe su, amma su ne ke sa ɗaruruwan kilomitan su yi amfani. A shekarar 2018 ɗin sai da Habasha ta nemi a tsawaita mata wa'adin biyan bashin daga shekara 10 zuwa 30. Wannan ya kai ni ga magana da ku musamman, shugabannin bankuna. Kuna ba da rance da dala, layin kuwa yana tara kuɗinsa da kuɗin ƙasar da aka gina shi. Ranar da darajar kuɗin ƙasar ta faɗi, bashin ya ƙaru ba tare da an ƙara ko fasinja ɗaya ba. Dogo kadara ce mai rayuwar shekara 50 zuwa 100, kuma sabon layi yana ɗaukar shekaru kafin ya tara masu hulɗa da shi. Idan aka ɗora masa rancen da za a fara biya tun bai tsaya da ƙafarsa ba, kuɗin asibiti da makaranta ne za su biya.

Sai kuma son gudu da son girma. Kowane shugaba yana so a ce jirginsa ya fi na maƙwabci sauri, alhali kowane ƙarin gudu yana buƙatar layi miƙaƙƙe, ƙarin ramuka da gadoji, da tashoshin da ake fitarwa bayan gari don kada a karkata hanya. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta duba layukan jirage masu gudu a 2018, ta tarar ana kashe yuro miliyan 25 a kowane kilomita a matsakaici, jiragen kuma suna tafiya ne a kan kimanin kashi 45 cikin 100 na gudun da aka gina layin dominsa. Ta ce irin wannan layi yana buƙatar fasinja miliyan 9 a shekara kafin ya cancanci kuɗinsa, kuma uku cikin bakwai da aka kammala ba su kai ba. A Sifaniya an dakatar da jirgi mai gudu da ke haɗa Toledo da Kuwenka da Albasete kai tsaye a 2011 saboda mutum tara kacal yake ɗauka a rana. Fasinja ba gudun jirgi yake lissafawa ba, yana lissafa lokacin da zai bar gida da lokacin da zai isa inda za shi. Idan ya ci rabin awa a jirgi sannan ya ci awa guda daga tashar bayan gari zuwa cikin birni, gobe motarsa zai hau.

Siwizalan ta bi wata hanya da nake fatan kowannenku zai yi nazarinta. Tun 1982 ta tsara jadawalin da jirage ke tashi a minti iri ɗaya a kowace awa, su haɗu a manyan tashoshi a lokaci guda don fasinja ya sauka daga wannan ya hau wancan ba jira. Da za ta zuba kuɗi a shirin da masu zaɓe suka amince da shi a 1987, sai ta fara da tambayar wane jadawali ake so, sannan ta gina abin da jadawalin ke buƙata kawai. Tsakanin biranen Zurik da Bern ana buƙatar tafiyar ta sauko ƙasa da awa guda don jirage su riƙa haɗuwa, sai aka gina sabon yanki na kimanin kilomita 45 wanda ya cim ma hakan, aka fara amfani da shi a Disambar 2004. Sun fara da hidimar da jama'a za su samu, ƙarfe da siminti suka biyo baya. A mafi yawan wurare ana fara zana layi a taswira, a ba da kwangila, sai daf da buɗewa a tuna cewa ba a yanke shawarar jirage nawa za su riƙa tashi a rana ba, ko wa zai tuƙa su.

Tun ran gini tun ran zane. Dogo abu ne mai gaɓoɓi da yawa da dole su dace da juna, ƙarfen hanya, taragai, kan jirgi, sigina, lantarki, dandamalin tasha, wurin gyara, da ma'aikatan da aka horar. Idan aka rarraba su ga hukumomin da ba sa magana da juna, sakamakon yana da tsada. A 2014 aka gano a Faransa cewa sababbin jiragen da aka yi oda sun yi wa dandamali 1,300 faɗi, domin hukumar da ke kula da layi ta ba da awon sababbin tashoshi ta bar tsofaffin, sai da aka kashe yuro miliyan 50 ana rage bakin dandamali. A 2015 ta bayyana a Afirka ta Kudu cewa kawunan jiragen da aka sayo daga Sifaniya sun zarce tsayin da ƙa'idar layukan ƙasar ta yarda da shi, daga baya kotu ta soke kwangilar. Layin Elizabeth na Landan an gama haƙa ramukansa lafiya, amma haɗa tsarin sigina iri uku da kammala tashoshi suka ja buɗewarsa daga Disambar 2018 zuwa Mayun 2022, kuɗi suka tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan 19. Shi dai ya cika da fasinja tun da aka buɗe, domin an gina shi a inda jama'a suke, kuma wannan ya ƙara tabbatar mini cewa layi yana iya jure tsada idan akwai masu hawa, amma ba ya jure rashinsu.

Bayan biki kuma sai gyara, wanda shi ne marayan kasafin kuɗi. Tsakuwar da ƙarfe ke kwance a kai tana buƙatar a riƙa dannewa da sabuntawa, magudanan ruwa suna toshewa, ƙarfe yana gajiya ya tsage, kan jirgi yana buƙatar kayan gyaran da sau da yawa sai an sayo daga waje. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake ɗaukar hotonsa, don haka su ake fara yankewa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Daga nan sai a rage gudu a wurare masu rauni, jirgi ya fara makara, masu kaya su koma tirela, kuɗin shiga su ragu, gyara ya ƙara raguwa. Layin TAZARA mai kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya, wanda aka kammala a 1975, ya taɓa ɗaukar kaya sama da tan miliyan ɗaya a shekara, amma zuwa 2015 ya faɗo ƙasa da tan 100,000. Wannan cuta ba ta bar ƙasashe masu arziki ba. A Oktobar 2000 ƙarfen hanya ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield ta Ingila, mutum huɗu suka rasu, aka rage gudu a faɗin ƙasar saboda kamfanin da ke riƙe da layukan bai san halin da sauran ƙarafansa ke ciki ba, shekara guda bayan haka kamfanin ya durƙushe. Sau da yawa kuɗin da zai gina sabon kilomita ɗaya zai farfaɗo da kilomita masu yawa na tsohon layi, ya ƙara wuraren da jirage ke kauce wa juna, ya sabunta sigina. Ina roƙon ku riƙa tilasta a ajiye wannan zaɓin kusa da sabon layi a kowane rahoto, a lissafa su da ma'auni ɗaya.

Game da masana'antu da garuruwan da ake cewa za su tsiro a gefen layi, ba sa tsirowa don ƙarfe ya wuce kawai. A Hong Kong kamfanin jirgin ƙasa na MTR yana samun damar gina gidaje da shaguna a kan tashoshinsa da kewayensu, tun daga zane ake haɗa tasha da unguwar da za ta ciyar da ita, ribar filin kuma ta koma cikin jirgi. Inda ba a yi irin wannan shiri ba, 'yan kaɗan da suka san inda tasha za ta faɗa su ke saye filayen su kwashe ribar, jama'a su biya bashin.

Ranku ya daɗe, abin da nake nema a wurinku ba sabon abu ba ne, akwai ƙasashen da ke yi. Tun 2000 Norwe ta wajabta cewa wasu masana na waje, waɗanda ba su da hannu a aikin, su tantance ƙiyasin kowane babban aiki kafin majalisa ta amince. Baitulmalin Birtaniya tun 2003 ya umarci a riƙa ƙara wani kaso a kan ƙiyasi bisa abin da ayyuka makamanta suka ci a baya, ko da yake labarin HS2 ya nuna cewa doka ba ta isa ba idan masu iko sun riga sun yanke shawara. Faransa tana da doka tun 1982 da ta ce a koma a auna babban aikin sufuri 'yan shekaru bayan buɗe shi, a wallafa sakamakon. Ku ɗauki waɗannan ku ƙara musu ƙarfi. Kafin a sa hannu, a nuna wa majalisa abin da layuka makamanta suka ci da fasinjan da suka samu a zahiri, mai cewa nasa zai bambanta ya kawo hujja. Kada a ba da kwangilar gini sai an mallaki fili an biya diyya, an san abin da ke binne a ƙasa. A raba aikin gida-gida yadda kowane yanki zai yi amfani da kansa ko da na gaba bai samu ba. A rubuta kuɗin gyara da na gudanarwa na shekara 30 a shafi ɗaya da kuɗin gini, tare da inda za su fito. Idan layin fasinja ne da ba zai biya kansa ba, kuma yawancinsu ba sa biya, a faɗa wa jama'a gaskiya cewa tallafi zai ci kowace shekara, su auna ko ya cancanta. Sau da yawa ya cancanta, kuma mutane suna iya yarda idan aka gaya musu tun farko.

Ku kuma masu ba da rance, ku daina fakewa da lamunin gwamnati. Ku sa wani ɓangare na ribarku ya rataya a kan ko layin ya yi aikin da aka ce zai yi, ku ga yadda tambayoyinku za su canza. Yarjejeniyar rance da kwangilar gini a buɗe su kowa ya karanta, tunda kowa ne zai biya. Rahoton hasashen fasinja da kaya a wallafa shi da sunan kamfanin da ya rubuta da sunan jami'in da ya amince da shi, bayan shekara biyar da buɗewa a wallafa ainihin alƙaluman a gefensa, kuma duk lokacin da wannan kamfani ya sake neman aiki a ɗauko tarihinsa a duba.

Ina fatan wasiƙar nan za ta iske ku kafin takarda ta gaba ta iso teburinku. Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da ke hannunku.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai ƙaunar jirgin ƙasa